Yadda ake koyar da tarawa da ɗebewa ta hanyar 'yar gala-gala

Duk shekara ɗaliban NCE, wato masu karatun zama malamai, na zuwa makarantarmu koyon aiki, kuma kuskurensu ɗaya ne. An gaya musu yaro ya fi riƙe abin da ya yi da jikinsa, sai malami ya ce wa yara saba'in su miƙe su yi tsalle. Kafin ka ce kwabo ƙura ta turnuƙe, wani ya taka wani, hedimasta na leƙowa ta taga.

Kada ka tayar da kowa sai ka koya musu tsayawa. Nan na sha wuya a shekarata ta farko. Zaɓi alama ɗaya, ni tafi uku nake yi, kuma kada ka sauya ta har zango ya ƙare. Usur ba na so, rigima yake jawowa da malamin ajin kusa. Ranar farko babu lissafi ko kaɗan: su yi tafiya, ka tafa, su ƙame. A sake, ko sau goma ne, har sai na can ƙurya ya tsaya kafin tafi na uku. Ranar da ka daka tsawa maimakon tafi, ka ɓata aikinka, don gobe tsawar za su jira.

Sannan zane. Gidaje goma a jere, 1 zuwa 10, kuma ka zana tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Allin makaranta ko rubutun allo ba ya isa, saboda haka gawayi a siminti, toka a turɓaya.

Yara biyar kawai ke fitowa, sauran na zaune suna ƙirga da baki. Yaro ya tsaya a 3, ka ce a ƙara 4, ya yi tsalle huɗu. Sa ido a nan: da yawa sukan ƙirga gidan da suke tsaye a kai, sai su sauka a 6 maimakon 7. Kada ka gyara, tambayi na zaune ko sun yarda. Ɗebewa kuwa, ya juya ya koma baya. Wanda ƙafarsa ba ta ba shi damar tsalle, shi zai riƙa kiran lamba.

Minti goma ya isa, lokacin bazara kuma da sassafe. Tafi uku, kowa ya koma mazauninsa ya rubuta 3 + 4 = 7 tun yana haki.