Yadda yaron shago zai sauya jerin kaya a WordPress

Kana da shagon yadi a Kasuwar Barci, kana so yaronka ya riƙa gyara jerin kayan da kansa a shafinka na intanet da ke kan WordPress, wato manhajar gina shafukan intanet? Bismillah.

1. Buɗe masa asusu a matsayin edita, wato mai ikon gyara rubutun shafi. Kada ka miƙa masa ragamar shafin gaba ɗaya, hannu na iya kuskurewa.
2. Ya shiga wurin gyara, ya danna layin da zai matsar, misali shadda.
3. Kibiyoyi biyu za su bayyana: ɗaya ta hau da layin, ɗaya ta sauko da shi. Tun fitowar WordPress 6.1 a 2022 kowane layi ke motsi shi kaɗai, don haka in naka tsoho ne, sabunta shi tukuna.
4. Ya adana nan take, kafin a ɗauke wuta.