Yadda ake duba kogon enzayim don gane irin maganin da zai sarrafa

Enzayimomin cytochrome P450 da ke cikin hanta kusan ƙira ɗaya gare su daga waje. Kowanne furotin ne da ya rungume hem (wani zobe mai ƙarfe a tsakiyarsa) a cikinsa, amino asid (tubalin ginin furotin) mai suna sistin kuma na riƙe da ƙarfen hem ɗin ta ƙasa. Bambancin yana cikin kogon da ke saman ƙarfen, inda magani ko guba ke shiga a liƙa masa oksijin. Abu uku ake dubawa a kogon: cajin bangonsa, siffarsa, da tazarar magani daga ƙarfe.

Manhajar PyMOL mai nuna siffar furotin da intanet sun isa, domin za ta sauko da fayilolin tsarin enzayimomin daga rumbun Protein Data Bank kyauta.

Fara da enzayim CYP2D6. Rubuta fetch 2F9Q (lambar fayil ɗinsa a rumbun), sannan remove solvent don kawar da ruwa. Idan kwafi fiye da ɗaya ya bayyana, riƙe sarƙa A kaɗai. Fito da hem da show sticks, resn HEM, sai ka fito da amino asid masu lamba 216, 301 da 120 (wato Glu216, Asp301 da Phe120) ta hanya ɗaya. Glu216 da Asp301 duk cajinsu negatif ne, shi ya sa enzayim ɗin ya fi kama magunguna masu naitirojin da ke ɗaukar caji fozitif a pH 7.4 na jini, irin su kodin da tiramadol. Yawanci naitirojin ɗin na da tazarar angistirom (ma'aunin tazara tsakanin atom) 5 zuwa 7 daga wurin da za a sa oksijin. Phe120 kuwa zoben maganin yake tokarewa ya daidaita shi. Ta wannan hanyar ce kodin ke komawa mofin a jiki.

Yanzu sauko da 1R9O, wato CYP2C9 ɗauke da flurbiprofen. A nan Arg108 ne mai caji fozitif, yana riƙe da ɓangaren asid na maganin, don haka diclofenac da ibuprofen suka zama nasa. Caji ɗaya ya juya, jerin magungunan ma ya juya.

Batun siffa ba ya buƙatar dogon bayani idan ka buɗe 2HI4, wato tsarin CYP1A2. Kogon CYP1A2 matsattse ne, shimfiɗaɗɗe kamar kube, sai abu mai faɗi maras kauri irin kafeyin ke shiga, Phe226 ya danne shi.

CYP3A4 ne ke yaudarar mutane. A tsarinsa na 1TQN babu magani a cikinsa. Ɗora 2V0M a kansa da umarnin align, za ka ga yankin murɗe-murɗen furotin da ake kira F da G ya gusa, kogon ya buɗe har ketoconazole guda biyu suka zauna ciki lokaci ɗaya. Wanda ya auna girman kogo a furotin da ba komai a cikinsa, ya yanke cewa babban magani kamar erythromycin ba zai shiga ba, ya yi kuskure. Nemi tsari mai ɗauke da magani tukuna, kuma gara biyu ko uku da ɗaya.

Sai awon tazara da umarnin distance. Kabon da za a yi wa aiki yakan tsaya kimanin angistirom 4 zuwa 6 daga ƙarfe. Idan ka ga naitirojin ya matso kusan angistirom 2, ɗaurewa ya yi da ƙarfen kai tsaye. Wannan toshe enzayim yake yi, kuma haka ketoconazole ke yi. Idan kuma maganin ya yi nisa, kamar warfarin a 1OG5 (wani tsarin CYP2C9) da ke kusan angistirom 10 daga hem, an dai ga inda ya maƙale, amma ba daga nan za a sarrafa shi ba.

Kada ka kwatanta girman kogo da aka auna da manhajoji daban-daban, don kowace da inda take yanke bakin kogon. Tsaya kan guda, da ma'aunin angistirom 1.4 mai girman ƙwayar ruwa. Kafin ka sa kwamfuta ta gwada zaman magani a kogo, tabbatar ka ba shi cajin da yake da shi a pH 7.4. In ka bar naitirojin ɗin kodin babu caji, Asp301 da Glu216 ba za su ja shi yadda ya kamata ba, sai manhajar ta ajiye shi a karkace.