Yadda ake ƙara wa babur ɗin tafiya mai nisa lasifika ba tare da an kashe batir ba

Mai babur da ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya wayi gari ya nufi Wudil ranar Juma'a, yakan so rediyo ko karatu ya ɗebe masa kewa a hanya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da sayen lasifika mafi girma, alhali aikin daga batir yake farawa.

Kafin ka sayi komai, ka kai babur wurin mai wayarin ya auna wutarsa da mita. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji a kashe yake, idan kuma aka tayar aka ɗan ba shi wuta ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, in bai kai haka ba, kwayil ko na'urar caji ke da matsala, kuma duk abin da ka ɗora zai ƙara masa nauyi ne kawai. Lissafin ba shi da wuya: amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai cin wat 60 tana jan kusan am 5 (ma'aunin yawan wutar da ake ja) daga batir mai bolt 12. Manyan babura irin Honda Gold Wing suna ɗaukar wannan cikin sauƙi, amma ƙananan baburan da suka cika ƙauyukanmu, irin su Bajaj Boxer, an tsara na'urar cajinsu ne don fitila da hon, saboda haka ƙaramar amfilifaya nau'in Class D ce ta dace da su, domin ba ta ɓarnar wuta kuma ba ta zafi sosai.

Wajen zaɓen lasifika, kada babban adadin da aka buga a jikin kwali ya ruɗe ka. Wanda aka rubuta RMS a gefensa shi ne ƙarfin gaskiya. Ka duba om ɗinta, wato ma'aunin turjiyarta ga wuta, ko 4 ne ko 2, ya dace da abin da amfilifaya za ta iya ɗauka, don lasifika mai om 2 takan ƙona amfilifayar da aka yi wa om 4 kaɗai. Manyan babura sukan zo da gurbin inci 5.25 ko 6.5 a gaba, sai ka auna naka tukuna. A ganina, kuɗin da ake zubawa a neman ƙarar ganga asara ce, domin iska tana cinye ta da zarar babur ya ɗauki gudu. Muryar da ke fita tas ita ce ke isa kunne. Ka nemi lasifikar da ruwa ba ya shiga, tunda ruwan Agusta da ƙurar hunturu ba sa barin mai fatar takarda ta yi shekara.

Lokacin haɗawa, a fara cire baƙar waya daga batir. A sa fis a kan jar waya dab da batir, a kuma bi da wutar ta makulli ko rile (ɗan makunnin da makulli ke sarrafawa), yadda kashe babur zai kashe kiɗa. Wanda ya haɗa kai tsaye yakan tarar da batir ya mutu da asuba. A nisanta wayoyi daga salansa da kan inji, a bar musu sarari wajen juya kan babur, a yi wa mahaɗa dalma maimakon murɗawa da salatif. Hanyar burji tana kwance noti, don haka a sa roba a ƙarƙashin maɗaurin lasifika, a sake ɗaure shi bayan mako guda.

Gwajin a kan titi ake yin sa, da hular kwano a ka. Ka ƙara sauti har ya fara karkarwa, sannan ka rage kaɗan, ka tabbata kana jin hon ɗin tirela daga baya. Maɓallin ragewa ya kasance kusa da babban yatsa, saboda masallaci, makabarta da ƙofar gidan mai gari.