Kurakuran da aka fi yi da sabon iguwanan hamada, da yadda za a gyara

Mafi yawan iguwanan hamada da ke lalacewa a hannun sabbin masu kiwo ba mugunta ke kashe su ba, tausayi ne wanda ba a san inda za a sa shi ba. Mutum ya ga ɗan ƙadangare fari-fari mai doguwar jela, tsawonsa duka da jelar wajen santimita 40, sai ya ce kai kar zafi ya kashe min shi, ya rage masa wuta. To nan aka fara ɓata lamarin. Wannan dabbar asalinta hamadar Sonora ce da ta Mohabe, wato kudu maso yammacin Amurka, su Arizona, Kalifoniya da Nebada, har zuwa arewa maso yammacin Meziko, kuma a can da tsakar rana lokacin da sauran ƙadangaru duk sun gudu inuwa shi yana waje yana harkarsa ko da zafi ya kai digiri 46.

Saboda haka wurin shan zafinsa a cikin akwati ya kamata ya kai digiri 43 zuwa 49 a saman dutsen da yake kwanciya, ɗaya gefen kuma ya tsaya wajen 30 yadda in ya ji ya ishe shi zai koma can. Dalilin kuwa ganye yake ci, kuma ganye ba ya narkewa a cikinsa sai jikinsa ya ɗau zafi sosai, in babu zafin abincin zai zauna masa a ciki ne kawai, sai ka ga ya daina ci, ya kwanta lakwas, kai kuma kana ta canza masa kalar abinci alhali matsalar tana jikin kwan fitila. Dan Allah kar ka auna da tafin hannu, sayi ma'aunin zafi irin mai kama da bindiga ɗin nan ka auna saman dutsen. Dutsen nan na lantarki da ake sayarwa mai zafi daga ƙasa kuma ka rabu da shi, yana ƙona musu ciki. Zafi daga sama ake ba shi kamar rana, da dare a kashe komai ya samu duhu.

Sai maganar haske, wadda ita ce ta fi ba ni takaici don illarta ba ta nunawa da wuri. Kwan zafi daban, kwan UVB daban, wato mai ba da wani nau'in hasken rana da ido ba ya gani, dole ya samu duka biyun. Da hasken UVB jikinsa ke haɗa bitamin D3, da shi kuma yake iya amfani da kalsiyam ɗin da ke cikin abinci. In babu, jiki zai dinga zarar kalsiyam daga ƙashi, a hankali muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su kumbura ko su dinga rawa, baya ya karkace, kuma abin da ya riga ya karkace ba ya miƙewa. Wasu su ce ai na ajiye akwatin a bakin taga yana samun rana, to gilashi yana tare UVB, zafin ne kawai ke shiga, kuma akwatin gilashi a rana zai iya gasa shi gaba ɗaya tunda babu gefen gudu. Wani abu kuma, kwan UVB yana daina aiki tun yana haske, saboda haka ka rubuta ranar da ka saka shi, ka canza bayan wata 6 zuwa shekara gwargwadon irinsa.

Abinci ma ana kwafsawa ta gefe biyu. Akwai masu ɗaukarsa kamar damo su cika shi da gyare da tsutsa, akwai kuma masu ba shi latas kullum wanda kusan ruwa ne zalla. A daji furen bishiyar kiriyosot mai ruwan ɗorawa shi ne abin sonsa, da ganyaye da tsirrai, ƙwari ɗan kaɗan ne. Ka haɗa masa ganyen mastad, ganyen dandaliyon da furensa, gurzajjiyar kabewa, ɗan karas, ka barbaɗa garin kalsiyam sau biyu ko uku a sati. Alayyafo kar ya zama na kullum, fiya kuwa kar ma ta kusance shi. In ya ƙi ci gwada masa fure mai ruwan ɗorawa, sau da yawa launin ne ke janyo shi, amma ka tabbata ba a fesa wa furen magani ba.

Kar kuma ka bi bayanin koren iguwana ka dinga fesa masa ruwa, wancan na dajin damina ne, wannan danshi mai yawa ciwon numfashi yake sa masa. Ƙaramin kwanon ruwa ya isa. Abin da yake so shi ne ƙasa mai zurfi, yashi haɗe da ƙasa yadda rami zai tsaya, don ɗan rami ne, a ciki yake kwana a ciki yake ɓuya. Duwatsun ka kafa su a ƙasan akwati tukunna kafin ka zuba yashin, in ba haka ba zai haƙa ƙarƙashinsu su danne shi. In ka ga farin abu a hancinsa ko yana atishawa kar hankalinka ya tashi, gishiri yake fitarwa ta hanci, haka halittarsa take. Majina mai yauƙi da buɗe baki yana numfashi a gefen sanyi, wannan kam sai likita.

Satin farko da na biyu ka ƙyale shi, ban da ɗauka, ban da nuna wa baƙi, ko bai ci ba na ƴan kwanaki ba abin tsoro ba ne in dai zafin daidai yake. Kar ka taɓa kama shi ta jela, tsinkewa take yi, kuma wadda za ta fito ba ta kai ta farko. Maza biyu a akwati ɗaya faɗa ne. Da yawansu daga daji aka kamo su, shi ya sa yana da kyau ka kai kashinsa wurin likitan dabbobin da ya san ƙadangaru a duba tsutsar ciki, sannan ka tambayi mai sayarwa inda ya samo shi, don jihohin Amurkan can suna da doka a kan kamu, a Arizona ma sai da lasisin farauta. Lokacin sanyi a daji barci suke yi a rami na watanni, amma sabon da ba ka san lafiyarsa ba kar ka sa shi wannan barcin a shekarar farko, ka bar masa wutarsa. Kuma duk sanda ka taɓa shi ko akwatinsa ka wanke hannu da sabulu saboda ƙwayar cutar salmonela, musamman in akwai ƙananan yara a gidan.