Ga masu bin Wikki zuwa Gombe

'Yan'uwa magoya bayan Wikki Tourists, in za ku filin wasa na Pantami, ku isa da wuri, ku zauna wuri ɗaya kusa da jami'an tsaro. A ɗora riga kan jesi har a shiga ciki.

Zolayar 'yan Gombe United ba komai ba ce, ku ma ku rera taku waƙar. Amma in aka kai ga zagin iyaye ko jifa da ledar ruwa, don Allah kada a rama. Hukumar da ke shirya gasar ƙwallon tana cin tara, tana zabge maki, kuma ƙungiyarmu ce za ta kwana a ciki.

In an tashi, ku dakata cunkoso ya ragu kafin ku nufi mota.