Yadda za ku kai ƙaramin yaro ninkaya a lokacin annobar korona

A lokacin annobar korona ne, zafin Afrilu ya kankama, yara sun gaji da zaman gida, 'yata mai shekara uku kuma ba ta da zance sai na ruwa. Tun ranar 11 ga Maris 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, iyaye da dama suka janye ƙafa daga wuraren ninkaya, bisa tsoron cewa ruwan da kowa ke shiga zai kwaso wa yaro cuta. Ni ma na jima ina wannan tunani. Daga baya na fahimci cewa ƙwayar korona ta numfashi take bi, daga tari da atishawa da maganar wanda ke kusa da kai, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce ba ta ga shaidar yaɗuwarta ta ruwan ninkayar da aka sa wa kilorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, yadda ya kamata ba. Abin gudu shi ne cunkoson bakin ruwa. Ga yadda nake yi a wancan lokacin idan zan fita da 'yar tawa.

Ku fara da duba mutanen gida tun daren jajibiri. Idan akwai mai zazzaɓi, ko tari, ko mura, ko wanda ya daina jin ƙamshi, a fasa tafiya. Haka ma idan wani ya yi cuɗanya da wanda gwaji ya tabbatar yana ɗauke da cutar, domin tana iya ɓuya har kwana 14 kafin ta nuna. Yawancin ƙananan yara ba ta cika jigata su ba, amma yaro yana komawa gida ya faɗa jikin kakarsa. In kuna zaune da tsoho, ko mai ciwon suga, ko mai hawan jini, ku sa shi a lissafi kafin ku yanke shawara. Allurar rigakafin da ta iso Najeriya a Maris 2021 ta manya ce, a lokacin ba a yi wa ɗan shekara uku.

Yaron da ke gudawa kuwa bai kamata ya shiga ruwa ba ko da babu annoba. Akwai ƙwayar cutar gudawa da ke iya rayuwa kwanaki a cikin ruwan kilorin, kuma famfas ɗin ninkaya ba ya riƙe kashi mai ruwa.

Sai zaɓen wuri. Wanda yake a fili, iska na kaɗawa, ya fi wanda aka rufe da rufi da gilashi. Kada gudun taro ya sa ku kai yaro kududdufi ko bakin dam: can tsargiya take, kuma ruwan da ba a sa wa magani ba yana ɗauke da cututtukan ciki iri-iri. Idan otal ne ko gidan wasan yara, ku tambayi mai kula da ruwan yaushe ya auna kilorin. Abin da ake so shi ne kada ya gaza miligiram 1 a kowace lita, ma'aunin pH, wato na tsamin ruwan, kuma ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Wanda ya san aikinsa zai amsa ba tare da inda-inda ba. Ku kuma duba da idonku: in ba ku hango ƙasan ruwan tangaram, ku juya. Mutane na ɗaukar warin magani mai ƙarfi a matsayin alamar tsafta, alhali sau da yawa yana tasowa ne idan kilorin ya haɗu da gumi da fitsari.

Lokacin zuwa ma yana da nasa. Safiyar Talata ko Laraba sai ku tarar da wurin kusan babu kowa, rana ma ba ta yi zafi ba. Yammacin Asabar da ranakun Sallah a bar su.

Ku sa wa yaro kayan ninkayarsa tun daga gida, ku ɗora riga a kai. Ɗakin canza kaya ƙarami ne, babu iska, kowa a nan yake tsayawa, don haka shi ne wurin da na fi ƙi. A jaka ku zuba tawul biyu, ruwan sha a gorarsa, ɗan abin ci, sinadarin goge hannu mai barasa aƙalla kashi 60 cikin 100, da takunkumin fuska na biyu a cikin leda don kada ya jiƙe. Sinadarin ya zauna a hannun babba, domin ƙaramin yaro zai iya kurɓa.

Babba ya sa takunkumi daga bakin ƙofa har zuwa gefen ruwa, sannan ya cire. Ba a shiga ruwa da shi, domin jiƙaƙƙen ƙyalle yana manne wa hanci ya toshe numfashi. Shi yaron kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a buƙatar ɗan shekara 5 zuwa ƙasa ya sa takunkumi. Kariyarsa ita ce tazara. Ku shimfiɗa kayanku nesa da wasu iyalai da kamar mita 2, a cikin ruwa kuma ku kama lungu guda a ɓangare marar zurfi. Zai so ya nufi wasu yara, wannan ɗabi'arsa ce. Tsawa ba ta hana shi. Abin da ke aiki shi ne ku zo masa da kofi da ƙwallonsa na gida, ku zama ku ne abokan wasan.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Na taɓa tsintar kaina ina ƙirga mutanen da ke shigowa, ina kallon wane ne ke tari, sai da na waiwayo na ga ruwa ya kai wa 'yata haɓa, ta saki matakala. Daƙiƙoƙi kaɗan ne, hannuna kuma yana kusa, Allah Ya kiyaye. Amma ko uffan ba ta ce ba. Haka nutsewar yaro take: babu ihu, babu fantsama ruwa, sai dai ya sulale shiru. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mutum kusan 236,000 ne ruwa ya ci a 2019, kuma 'yan shekara 1 zuwa 4 su ne suka fi shiga haɗarin. Saboda haka babba ya shiga ruwan da kansa, ya tsaya inda miƙa hannu ɗaya zai kamo yaron. Waya ta zauna a jaka. Idan ku biyu ne, uwa da uba, ku faɗa da baki, "Yanzu kai ne da ita," kada kowa ya ɗauka ɗayan yana kallo. Kada a bar wa yayarsa mai shekara takwas wannan amana. Balan-balan ɗin da ake hurawa a sa a damtse abin wasa ne, yana sacewa, yana kuma zamewa. Mai gadin ruwa, in ma akwai shi, ido biyu gare shi a kan mutane da yawa.

Minti 20 zuwa 30 sun ishi ƙaramin yaro. Da kun ga yana karkarwa ko leɓensa ya canza launi, ku fito da shi ku naɗe shi a tawul. Ku kai shi bayan gida kafin ya shiga, ku hana shi haɗiye ruwan gwargwadon iko, ku wanke hannunsa da sabulu na daƙiƙa 20 kafin ya ci wani abu.

Da an gama, ba a tsayawa hira a bakin ruwa. Ku goge shi, ku mayar da takunkuminku, wanka da canza kaya sai a gida. Idan ya shaƙi ruwa a wurin, daga baya kuka ga tari ya ƙi tsayawa, ko numfashinsa yana sauri, ko ya yi laushi fiye da gajiyar wasa, ku kai shi asibiti a ranar. A makonni biyu masu zuwa ku sa ido a kan zazzaɓi ko tari a wurin kowa a gidan, in ya bayyana ku nemi gwaji.

A makon da alƙaluman NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, suka nuna cutar ta tashi a jiharku, ku haƙura da fita. Babban baho a inuwar tsakar gida, da ruwa iya cinyarsa, yana faranta wa ɗan shekara uku rai ƙwarai. Ku zauna kusa da shi har ya gama, sannan ku zubar da ruwan nan take ku kife bahon.