Kurakuran da muke tafkawa in mun buɗe injin tsohuwar mota a gida

Salam 'yan uwa masu tsofaffin motoci. Ni dai Golf 3 gare ni nan Gusau, yawancin gyaranta da hannuna nake yi a ƙofar gida, to akwai kurakuran da na gani ido da ido, wasu ma ni na tafka su kuma na ji a aljihuna.

Babba dai shi ne gasket na kan inji, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa don hana ruwa da mai haɗuwa. Mota ta yi zafi, ka zaro sandar awon baƙin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara, ka san ruwa ya haɗu da mai, sai mutum ya ruga kasuwa ya sayo sabon gasket ya ɗora kawai. Kan injin nan alminiyam ne, in ya sha zafi yana ɗan lanƙwashewa yadda ido ba ya gani, dole ka kai shi wurin masu injin gogewa su auna su daidaita fuskar. Ni na ƙi kaiwa don gudun kashe kuɗi, wallahi ban kai Talata Mafara ba lagireto ya sake tafasa. Sannan wurin ɗaure notin kan, daga tsakiya ake farawa a dinga fita waje a gicciye, kaɗan-kaɗan hawa-hawa, ba ka zura bututu a sifana ka hau da ƙafa ba. Ka aro sifana mai awon ƙarfi wurin bakanike, kuma dogayen kusoshin kan Golf miƙewa suke in an ɗaure su, sababbi ake sawa.

Sai cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya ɗau zafi, wai don zafin garinmu. Don Allah a daina. Ba shi ke kawo zafi ba sai in ya maƙale, canza shi za ka yi, ka duba fanka da famfon ruwa, ka kuma bar zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, tsatsa da gasari yake tarawa har ya toshe.

Hayaki ma a karance shi kafin a wargaza inji. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri ruwa ne, baƙi kuma fetur ya yi yawa. In shuɗin da safe kawai yake fita in ka tada mota sannan ya ɗauke, galibi robobin bawul ne suka lalace ba ringin fistin ba, da yawa sun sauke inji a banza kan wannan.

Kafin ka cire taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, ka daidaita alamominsa, in ka mayar ka juya injin da hannu zagaye 2 ka ga sun koma daidai kafin ka murza makulli. Wayoyin fulogi kuwa ka ɗauki hotonsu da waya tukuna, jerin yadda wuta ke bin silinda a inji mai silinda huɗu 1-3-4-2 ne.

Lokacin hunturu kar ka bar inji a buɗe ya kwana, ƙurar nan in ta shiga silinda cin ƙarfe take, ka rufe shi da tsumma mai tsabta da leda. Kuma kar ka taɓa shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, balle a ƙasa mai yashi, ka sa katako mai kauri ka tokare tayu da dutse, ka kori yara daga wurin.